Shin doka ta tilasta wa mai gidan haya ya sanyaya wa ɗan haya ɗaki?

Wata baiwar Allah ta aiko da wannan tambaya: "Ɗana yana karatu a Finiks, babban birnin jihar Arizona a Amurka. Yau kwana takwas ke nan iyakwandishan ɗin ɗakin da yake haya ya mutu, kullum ya kira ofishin masu gidan sai a ce masa mai gyara yana nan tafe. Ni na ce ya yi haƙuri ya sayi fanka, ai a zafin Sakkwato aka haife shi. Shi kuma ya ce wai doka ta tilasta musu gyarawa. Da gaske akwai dokar da ta ɗora wa mai gida sanyaya ɗakin ɗan haya? In akwai, me ya kamata ya yi? Kuma mu nan gida me ya hana a yi irinta?"

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya ba yaron nan abin da ya je nema. Na shafe shekaru a can ƙasar ina shiga tsakanin 'yan haya da masu gidaje, ina taya mutane rubuta takardar ƙorafi, wasu har in raka su gaban alƙali. Don haka bari in faɗa miki kai tsaye: yaron yana da gaskiya. A cikin birnin Finiks sanyaya ɗakin haya wajibi ne a kan mai gida. Amma kafin mu shiga maganar doka, ki kira shi yau ki ce kada ya sake kwana a ɗakin nan sai an gyara. Ya je wajen aboki, ko ya kama ɗakin otal mai sauƙin kuɗi ya adana rasit. Rasit ɗin zai yi masa rana, za ki ga dalili a gaba.

Na san abin da ya sa kika ce ya yi haƙuri. Wanda ya ci watan Afrilu a Sakkwato gani yake babu zafin da zai ba shi tsoro. Sai dai ki tuna yadda muke cin bazara a gida. Da magariba a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a fito da tabarmi da katifu, a kwana a fili, kafin asuba iska ta ɗan sauko mutum ya samu barci. Gidanmu yana da wurin gudu. Ɗakin bene a Finiks ba shi da tsakar gida. Tun farko an gina shi ne da niyyar na'ura za ta yi ta aiki dare da rana: tagogi a ɓangare ɗaya kawai, wasu ma ba sa buɗuwa sosai, ga kwalta da kankare sun kewaye ginin, su sha rana tun safe, dare ya yi su amayar da ita. A 2023 birnin ya yi kwana 31 a jere, daga 30 ga Yuni zuwa 30 ga Yuli, kullum zafin rana sai ya kai digiri 43 ko ya wuce. Ranar 19 ga Yulin 2023 ɗin, a lokacin da gari ya fi sanyi, ma'auni bai sauka ƙasa da digiri 36 ba. Hukumar lafiya ta gundumar Marikofa, wadda Finiks ke cikinta, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya kashe ko ya sa hannu a mutuwarsu a shekarar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu a cikin gida suka cika, kuma mafi yawan waɗannan akwai iyakwandishan a gidan, sai dai ba ya aiki.

Na taɓa shiga ɗakin wani dattijo a hawa na uku, hawan ƙarshe na ginin, wajen ƙarfe tara na dare. Na'urarsa kwana biyar da mutuwa. Na same shi zaune a bakin gado da jiƙaƙƙen tawul a wuya, fanka tana ta hura masa iska mai zafi. Na dafa bango na ji shi kamar murfin tukunyar da aka sauke yanzu. Ma'aunin zafin da nake yawo da shi a jaka ya nuna 38. Abin da ya tayar min da hankali shi ne, cikin minti goma sau uku yana tambayata ko ni wane ne. A daren muka fitar da shi zuwa asibiti. Ruɗewa irin wannan, da jiri, da amai, da magana ba kan gado, alamu ne na cewa jiki ya kasa fitar da zafi. Duk wanda ya ga haka a can, lambar agajin gaggawa ta 911 zai kira nan take. Ita kuwa fanka, idan zafin ɗaki ya kai na jikin mutum ko ya haura, ba ta da sauran sanyin da za ta kawo, sai dai a haɗa ta da jiƙa jiki da shan ruwa.

Dokoki biyu ne suke kare ɗanki, ta jiha da ta birni, kuma kowacce da abin da take cewa.

Dokar haya ta jihar Arizona ba ta ce dole a sa na'ura a kowane gida ba. Cewa ta yi, in akwai ta a gidan kuma da ita aka ba da haya, to mai gida ne zai kula da ita ta zauna da lafiyarta, ya kuma samar da sanyi gwargwado idan yanayi ya buƙata. Ta jera sanyaya ɗaki cikin abubuwan da ba a rayuwa sai da su, sahu ɗaya da ruwan famfo da wutar lantarki da gas. Ita kuma dokar birnin Finiks ta zo ta sa lamba. Ɗakin haya mai iyakwandishan dole a iya sanyaya shi zuwa digiri 82 a ma'aunin Faranhait da suke amfani da shi, wato kusan 28 a namu ma'aunin. Idan kuma irin na'urar nan ce mai sanyaya iska da ruwa, wadda dabararta ɗaya da ta randa, ruwa ya bi iska ya tafi da zafi, to iyakar ita ce 86 a nasu, 30 a namu. Wannan lamba ita ce makamin ɗan haya. Da ita gardama ta tashi daga "ni dai ina jin zafi" ta koma abin da ake aunawa a nuna wa hukuma. Ya duba adireshinsa da kyau dai, domin garuruwan da suka manne da Finiks, irin su Tempe inda ɗalibai suka yi yawa, kowanne da tasa dokar.

Kuskuren da yaron ya yi kwana takwas yana yi, kuma kusan kowa yana yinsa, shi ne kiran waya. A idon doka kwanakin ba sa fara ƙirguwa sai an ba da sanarwa a rubuce. Yau ɗin nan ya rubuta takarda gajeriya: sunansa, lambar ɗaki, ranar da na'urar ta mutu, zafin da ya auna, da neman a gyara. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya kai ofis da kansa a sa masa hannu a kan kwafinsa, ko ya aika ta gidan waya ta hanyar da ake ba da shaidar karɓa. Ya sayi ma'aunin zafi, ba shi da tsada, ya ajiye shi a tsakiyar ɗaki nesa da taga, ya riƙa ɗaukar hotonsa safe da yamma da dare. Na ga ƙararraki da yawa da waɗannan hotuna kaɗai suka raba gardama.

Da zarar takardar ta shiga hannunsu, ƙofofi sun buɗe masa. Tunda abu ne da ya shafi lafiya, yana iya rubuta cewa in ba a gyara cikin kwana biyar ba yarjejeniyar haya ta warware, ya kwashe kayansa ya tafi a mayar masa da kuɗin ajiyarsa bisa ƙa'ida. In ba ya son tashi, kuma mai gida yana sakaci da gyaran, doka ta ba shi damar neman wani masauki na wucin gadi. Kwanakin da ya yi a waje babu kuɗin haya a kansa, kuma in kuɗin masaukin ya zarce na hayar, yana iya neman a biya shi ƙarin, amma ƙarin ba ya wuce kashi 25 cikin 100 na hayar waɗannan kwanaki. Amfanin rasit ke nan, kuma shi ya sa na ce otal mai sauƙi. Akwai kuma hanyar kiran mai gyara mai lasisi ya biya shi sannan ya cire daga kuɗin haya, matuƙar gyaran bai kai dala 300 ko rabin kuɗin hayar wata ba, duk wanda ya fi yawa. Wannan ta fi dacewa da ƙaramar matsala. In kwamfireso ne, wato injin da ke cikin na'urar, ya ƙone, kuɗinsa ya wuce nan. Tare da duk wannan, ya kai ƙorafi ga sashen birni mai kula da unguwanni, su ne masu turo jami'in duba gida. Sau da yawa na ga mai gyaran da aka yi mako ana jira ya bayyana washegarin zuwan jami'in. Kada ya ji tsoron ramuwa, doka ta hana mai gida ƙara haya ko korar mutum don ya yi ƙorafi, kuma in ya yi hakan cikin wata shida kotu tana ɗaukarsa ramuwa ce sai in ya kawo hujjar akasin haka.

Abu ɗaya nake roƙon ki ja masa kunne a kai. Kada zuciya ta ɗebe shi ya ce ya daina biyan haya haka kawai har sai an gyara. A Arizona notis ɗin kwana biyar ake ba wanda bai biya ba, daga nan sai kotu, kuma shari'ar korar ɗan haya tana sauri ƙwarai. Wanda aka taɓa kora sunansa yana zama a rijista, duk inda ya je neman ɗaki sai an gani. Mai gaskiya yana iya komawa mai laifi cikin mako biyu saboda ya tsallake takarda ɗaya. Jami'o'i da yawa suna da ofishin da ke ba ɗalibai shawarar shari'a, ya leƙa can da takardar hayarsa kafin ya riƙe ko dala ɗaya.

Kada ki ɗauka haka Amurka take gaba ɗaya. Babu wata dokar tarayya da ta ce a sa wa ɗan haya iyakwandishan, kuma a yawancin jihohi har yanzu ana ɗaukarsa ƙarin jin daɗi ne. Abin da doka ta daɗe da tilastawa shi ne ɗumama ɗaki lokacin sanyi. A birnin New York, daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, in waje ya yi sanyi da rana dole cikin ɗaki ya kai digiri 20. Dalilin wannan bambanci tarihi ne. An rubuta dokokin gidajen haya a biranen arewa masu ƙanƙara, a zamanin da na'urar sanyaya ɗaki ta masu hannu da shuni ce. A 1970 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Washington ta yanke hukunci a shari'ar Javins, inda alƙali Skelly Wright ya kafa cewa ɗan haya na birni wurin zama mai lafiya yake biya wa kuɗi, don haka duk yarjejeniyar haya tana ɗauke da alkawarin gidan zai zaunu ko da ba a rubuta ba. Kusan duk jihohi sun karɓi wannan ƙa'ida. Gardamar da ake yi yau ita ce ko ɗakin da ya kai digiri 38 cikin dare gida ne da zai zaunu.

Kusan duk inda aka canza doka, sai da aka yi jana'iza tukuna. A watan Yulin 1995 zafi ya kashe mutum 739 a Shikago cikin 'yan kwanaki, galibinsu tsofaffi masu zaman kaɗaici. Duk da haka sai a 2022, bayan an tsinci gawar mata uku a wani gidan tsofaffi a watan Mayu, birnin ya tilasta wa gidajen tsofaffi da manyan benaye samar da aƙalla zauren taruwa mai sanyi. A ƙarshen Yunin 2021 zafi ya rufe arewa maso yammacin Amurka da yammacin Kanada, yankin da mutane ba su saba sa na'ura ba. A lardin British Columbia mutum 619 suka mutu, kashi 98 cikin 100 a cikin gida. Daga 2024 lardin ya ce duk sabon gida sai ya kasance da ɗaki ɗaya aƙalla da ba zai wuce digiri 26 ba. Jihar Oregon kuwa a 2022 ta bi wata hanya: ta hana masu gidaje hana ɗan haya sa tasa na'urar, sai in akwai haɗari na gaske. Ki duba fa, kafin nan akwai masu gidajen da ke hana mutum sa na'urar da ya saya da kuɗinsa. Dalas a jihar Texas ta tilasta samar da na'urar da za ta riƙe ɗaki kada ya wuce digiri 29 da ɗoriya. Gundumar Montgomery a jihar Maryland ta yi tata a 2020, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Satumba, iyaka kusan digiri 27.

Masu gidaje suna da tasu hujjar, kuma ba duka ce ta banza ba. Tsohon bene wayoyin wutarsa ba za su ɗauki na'ura a kowane ɗaki ba sai an sake su, kuma kuɗin aikin a kan haya zai ƙare. Wannan gaskiya ne. Ni dai ina goyon bayan waɗannan dokoki, domin an taɓa yin irin wannan kuka a kan famfo da banɗaki da hita, yau babu mai cewa a cire su. Amma na fi son dokar da ta ce ɗaki kada ya wuce digiri kaza, ta bar mai gida ya zaɓi hanya, ko na'ura, ko rufi mai hana zafi shiga, ko inuwa a tagogi. Abin da nake gani ya fi kowanne rauni a dokokin shi ne kuɗin wuta. Mai gida ya sa na'ura ya fita haƙƙi, talaka ya zauna yana kallonta yana tsoron kunnawa. A watan Satumban 2018 wata dattijuwa mai shekara 72 ta rasu a gidanta kusa da Finiks bayan kamfanin lantarki ya yanke mata wuta kan bashin dala 51. Da labarin ya fito a 2019, hukumar da ke kula da kamfanonin wuta a jihar ta hana yanke wa magidanta wuta daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Oktoba. A wajena wannan mataki bai gaza dokar na'urar muhimmanci ba.

Sai tambayarki ta ƙarshe. Zafi yana kashe mutane a yankinmu, ko da ba a rubuta shi a takardar asibiti. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes a Mali ya kai digiri 48.5, kuma asibitin Gabriel Touré a Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu na farkon watan. Dokokin hayarmu, irin ta Legas ta 2011, maganar kuɗin haya da notis da yadda ake tayar da mutum suka fi yi, ba su ɗora wa mai gida sanyaya ɗaki ba. A al'adance ma ɗan haya ne ke zuwa da na'urarsa, wani wurin har da fankarsa. Amma da za a tambaye ni ko a kwafo dokar Finiks a kawo Kano ko Sakkwato, cewa zan yi a'a. Ƙaramin iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya yana cin kusan yunit 0.8 a awa. In ya yi awa takwas kowane dare ba tsayawa, wata ɗaya ya ci yunit 190 da wani abu. A farashin wutar lantarki na rukunin A na 2024, naira 200 da 'yan kai kowane yunit, an tasar wa naira 40,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne. Wannan ma ga wanda wutar ke zuwar masa. Irin wannan doka a wurinmu haya kawai za ta ɗaga, na'urar kuma ta zauna a bango tana tara ƙura.

Abin da ya dace da mu yana cikin ginin kansa. Kakanninmu da suka yi katanga mai kauri da tubali, suka yi rufin soro da azara, ɗakinsu yana riƙe sanyin dare har azahar. Mu muka koma bulo mai rami da kwano, sannan masu gina ɗakunan haya suka riƙa jera su kamar shaguna, ba silin, taga ɗaya ƙarama tana kallon katangar maƙwabci. Kwano da tsakar rana ba ya taɓuwa da hannu, kuma ba abin da ya raba shi da kan jariri sai iska. Tun 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi, wadda ta yi maganar inuwa a tagogi da sa abin hana zafi a ƙarƙashin rufi. Da hukumomin tsara birane na jihohi za su ce ba a ba da izinin gina ɗakin haya sai da silin, da tagogi biyu masu fuskantar juna don iska ta ratsa, da rufi mai tsayi wanda aka bar wa zafi hanyar fita, da an rage wahala mai yawa ba tare da ɗan haya ya sayi yunit ko ɗaya ba. Fentin fari a kan kwano da bishiyar darbejiya a yammacin gida ma suna aiki, kuma ba su fi ƙarfin mai gida ba.

Shi dai yaron, Hajiya, ya fara da takardar nan yau, kada ya bari sai gobe. In rana ta yi masa yawa kafin ya samu masauki, ya kira 211 za a faɗa masa cibiyar shan sanyi mafi kusa da shi, ko ya wuni a ɗakin karatu na jami'a. Ki ce ya turo min hoton takardar hayarsa, musamman shafin da ya yi maganar gyara da wanda ya faɗi adireshin da ake kai sanarwa, in duba masa kafin ya miƙa.